Tarakta Mai Doki Nawa Za Ka Kai Ƙarƙashin Gawo?

 

Duk shekara, da an sayar da rake da gyaɗa kuɗi ya ɗan zauna a aljihu, ko wani ɗan gida ya aiko da abin da ya tara a Kano ko Agadas, sai maganar tarakta ta taso a majalisa. Alhaji wane zai saya, ƙungiyar manoma kaza ta kusa haɗa kuɗinta. Tambayar da ake fara yi kuwa ɗaya ce: mai doki nawa ce? In aka ce 75, a gyaɗa kai. In aka ce 90, a ce to, wannan ita ce mota. In kuwa aka ce 45, sai wani ya taɓe baki ya ce ai wannan ta ɗaukar ciyawa ce. Ni a ganina tambayar doki ita ya kamata ta zo ƙarshe. Akwai tambayoyin da suka riga ta, kuma amsarsu tana cikin gonakinmu, dillali ba shi da ita.

Mu fara da girman gonar. A ƙidayar 2012 gundumar Kance tana da mutum kusan dubu 400, fiye da mutum 150 a kowace murabba'in kilomita, kuma daga lokacin zuwa yau an ƙaru ƙwarai. Ba sai an karanta wa kowa takarda ba kafin ya san abin da wannan ke nufi. Gandun da kakanka ya noma da ƴaƴansa, yau gado ya yanka shi gida shida ko takwas. Magidanci yana da rabin hekta a nan, hekta guda da ƴan kai a bayan gari, da wani ɗan yanki a fadama in Allah ya ba shi. Saura ta ƙare, ba a barin gona ta huta.

To, ku tsaya bakin gona mai rabin hekta ku kalli babbar tarakta tana aiki. In gonar ta zo daidai wa daida, mita 70 ce tsawo, 70 faɗi. Taraktar tana tafiyar kilomita 6 a awa, wato mita 100 a minti ɗaya. Direba bai gama gyara zama ba ya kai ƙarshen layi, ko daƙiƙa 45 bai cika ba. Sai ya ɗaga garma, ya taka birki, ya murɗa sitiyari, ya ja da baya don kada ya tattake gamban da ke kan iyaka maƙwabci ya zo da faɗa, ya dawo ya daidaita taya, ya sauke garma. Wannan juyin kaɗai ya kan ci rabin minti. Ku haɗa lissafin da kanku: fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokacin, inji yana shan gazuwal ne garma tana sama. Bayan an gama, kusurwoyi huɗu suna nan ba a taɓa su ba, sai mai gona ya bi su da fartanya. Sannan a kama hanyar gona ta gaba, ta lungu mai yashi wanda amalanke ma da dabara take ratsa shi tsakanin shingen aguwa. Duk wanda ya ce maka babbar tarakta tana gama hekta a awa kaza, tambaye shi a wace irin gona aka gwada.

Yanzu ga abin da ya bambanta ƙasarmu da ta wasu, kuma a nan nake son mu ɗan daɗe. Gawo. Wanda ya taso daga Damagaram ya miƙo kudu ya san daga inda gonaki ke fara cika da shi. Masu bincike suna kiran wannan yanki 3M, wato Magarya, Matameye da Mirya, kuma a 2006 Farfesa Mahamane Larwanou da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa manoman yankin sun raya bishiyoyi a fili da ya kai hekta miliyan guda, galibinsu gawo. Ba dasawa aka yi ba. Bayan yunwar tsakiyar shekarun 1980 mutane suka riƙa barin tohon da ya fito da kansa, suna rage masa reshe, suna kare shi daga gatari da bakin akuya. Sassaben zamani ke nan. Kafin nan ma, tarihin baka ya riƙe yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo. A 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan bishiyar da ya raya a gonarsa.

Amfanin gawo ba baƙo ba ne gare ku. Yana kaɗe ganyensa da damina, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya samu rana ya samu taki, zangarniya ta fi ta tsakiyar fili cika. Da rani ya ba da inuwa, tumaki su ci ƴaƴansa su bar kashi a wurin. Ya kuma karya ƙarfin iska. Sai dai gawo bai san layi ba, inda ya ga dama nan ya fito. A gonar da ke da 40 a hekta guda, tsakanin wannan da wancan bai wuce mita 15 ko 16 ba a matsakaici, wani wurin ma mita 5. Babban gawo ba abin tsoro ba ne, direba yana ganinsa ya kauce. Ɗan tohon da bai wuce gwiwa ba, wanda maigida ya shekara biyu yana lallaɓawa, shi ne abin ji. Daga kan kujerar tarakta, cikin ƙura, ba a bambanta shi da ciyawa. Faranti ɗaya ya bi ta kansa, shi ke nan. In kuma farantin ya ci karo da saiwa ko kututture ya kare, direba ya sauko yana share zufa ya ce, "Alhaji, in kana son aiki ya yi kyau, baɗi sai a tone kututturan nan." Daga wannan magana ɓarna ke farawa. An sayo inji don ya yi wa gona aiki, sai ga shi ana sassaƙe gona don ta yi daidai da inji. Gwargwadon faɗin tarakta da garmar da take ja, gwargwadon bishiyar da za a ce ta tsaya a hanya. Wanda ya tone gawo 30 don haro mai faɗin mita 3 ya wuce, zai koma sayen buhun taki duk shekara don cike gurbin abin da bishiya ke ba shi kyauta.

Sai ita kanta ƙasar. Mafi yawan gonakinmu jigawa ce, yashi mai laushi. Hatsi a jigawa ba ya jiran huɗa: ruwa ya sauka da dare, da asuba mai sungumi yana gaba masu zuba iri suna biye, wasu ma binne suke yi tun kafin ruwan. Ƙasar da yaro ke tonawa da hannu, me za ta yi da doki 90? Abin da ya fi muni, garma mai faranti in ta nutsa cikin jigawa, ɗan abin da ke sama mai taki shi take kifewa ƙasa, ta fito da farin yashi. In busasshiya aka huɗe, iskar da ke zuwa gaban hadari daga gabas ta kwashe ta, ta rufe ƴan tsiron hatsi, a dawo ana maimaita shuka. Aikin da jigawa ke so daga inji mai sauƙi ne: a tada kunya don gyaɗa da wake, a bi da haro sama-sama a cakuɗa taki, a kawo takin ma tukuna daga gida. Duk wannan, tarakta mai doki 45 zuwa 50 tana yinsa ba tare da ta yi nishi ba.

Ba ina cewa babbar tarakta ba ta da wurinta ba. Ku haura arewa, Damargu, wajen Tanut, inda mutane ba su da yawa, gona guda sai ido ya gaji, bishiya jefi-jefi. Can layi yana da tsawo, juyi kaɗan ne, mai doki 75 ko 90 za ta ci kuɗinta. Haka ma inda ake farfasa faƙo mai tauri don a dawo da shi gona. Amma Damargu daban, Kance daban.

Don haka ma'aikatan gona da suka san aikinsu kan ce a fara zaɓar abin da za a ɗaura a baya kafin a zaɓi abin da zai ja shi. Ƙiyasin da aka saba, kowane faranti na garma yana neman doki 20 zuwa 25, gwargwadon taurin ƙasa. Garma mai faranti biyu, doki 40 zuwa 50 sun ishe ta, irin Massey Ferguson 240. Mai faranti uku tana son 60 zuwa 75, kuma a nan ne Massey Ferguson 375 da ta cika arewacin Najeriya ta yi suna. In ka sa ƙaramar garma a bayan babban inji, ka biya kuɗin dokin da yake barci. In kuma ka sa babbar garma a bayan ƙaramin inji, lagireto ya tafasa, kuloci ya ƙone, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ƙanƙanta ma laifi ce, kada a ce na ce a sayi kowace ƙarama. Hatsarin ya fi fitowa wajen jan kaya: a loda wa ƙaramar tarakta tirelar yashi tan 5, a zo hawa tudu, gabanta ya ɗaga sama, ga yara biyu zaune kan murfin taya. Wannan zaman na yara, don Allah iyaye a hana shi, ko wace irin tarakta ce.

Akwai kuma abin da lambar doki ba ta faɗa. A cikin yashi, abin da ke kayar da tarakta sau da yawa santsin taya ne. Injin yana da ƙarfi, taya tana juyawa wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Mai doki 50 da ke ja da ƙafa huɗu ta kan fita inda mai 75 da ke ja da ƙafa biyu ta kafe. In kuɗin ya kai ka zaɓi tsakanin ƙarin doki 25 da jan ƙafa huɗu, a ƙasarmu na biyun ya fi. Wasu direbobi kan ɗura ruwa cikin tayoyin baya don ƙara nauyi, dabara ce da ke cikin littafin injin kansa.

Mu zo ga kuɗi. Mu ɗauka, don lissafi kawai, ka sayi tarakta da kayanta a kan sefa miliyan 15, kana fatan ta yi maka shekara 10. Kowace shekara miliyan 1 da rabi ke narkewa daga darajarta, ko ta fita ko tana kwance ƙarƙashin rumfa kaji na ƙwai a gindinta. In awa 200 ta yi aiki a shekara, kowace awa ta ci maka jika 7 da rabi kafin ka zuba ɗigon mai. In awa 800 ta yi, kowace awa ba ta kai jika 2 ba. Ga gazuwal: ko da matatar SORAZ tana nan jiharmu tun 2011, litar da aka daɗe ana saye 538 ta koma 668 a 2022, aka rage ta zuwa 618 a watan Yulin 2024. Mai doki 75 a aiki mai nauyi tana iya shan lita 9 ko 10 a awa, mai 45 kuwa 5 ko 6. Gaskiya ne, in duka biyun suna huɗa a babban fili, abin da suke sha a kan hekta guda bai bambanta sosai ba, don babbar ta fi sauri. Bambancin yana fitowa ne a aikin da ba ya neman ƙarfi, kuma irin wannan aikin shi ne mafi yawa a shekararmu.

Domin huɗa kwana nawa ce? Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, ruwan milimita 500 zuwa 600 in shekara ta yi kyau. Jigawa tana riƙe laima kwana biyu ko uku bayan ruwa. Kowa yana son a yi masa a ranar, ba wanda zai yarda a ce masa sai jibi. In ka haɗa duka kwanakin da garma za ta shiga gona daga ruwan shuka zuwa ƙarshen shukar gyaɗa da wake, da wuya su wuce 25. Ko awa 10 ake yi kullum, awa 250 ke nan. Sauran 550 ɗin da za su cika awa 800 daga ina za su fito? Daga tirela: kai taki gona da bazara, kwaso dami da kara da harawa da kaka, fito da rake daga fadama zuwa bakin kwalta, ɗaukar yashi da bulo da ruwa wa magina. Daga ƙarfen nan mai juyawa a bayanta, wanda ke tuƙa injin sussukar hatsi da na ɓarzar gyaɗa. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a kan babban inji har ya rasa na tirela da injin sussuka, ya sayi abin da zai yi aikin wata guda ya yi hutun wata 11. Abin da zai rage masa shi ne zagaya gari da ita ranar hawan salla.

Wani abu kuma da ake mantawa: tarakta ta huɗe, wa zai nome? An taɓa gwada wannan a Mokwa, cikin Najeriya, daga 1949 zuwa 1954. Turawa suka kawo injuna suka share daji suka huɗe manyan filaye, suka zaunar da iyalai. Inji ya yi nasa, amma ciyawa da hannu ake cire ta, kuma hannun iyali ɗaya bai iya bin filin da inji ya buɗe. Ciyawa ta ci gona, shirin ya watse. A daidai wannan zamani Ingila ta yi asarar miliyoyin fam a Tanganyika wajen noman gyaɗa da manyan injunan da ƙasa da saiwoyi suka kakkarya. Mu a nan, inda hatsi da wake da dawa ke gona ɗaya, noman fari da maimai har yanzu na hauya ne da na shanu. Girman abin da za ka huɗe ya tsaya inda ƙarfin nomanka ya tsaya.

Su kansu waɗanda suka ƙera tarakta ba da manya suka fara ba. Ƴar tokar nan ta Ferguson da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946, wadda aka yi fiye da dubu 500 cikin shekara 10, dokinta bai kai 30 ba. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa sayen tarakta a yau, matsakaiciyar gonarta hekta guda ce da ɗan ɗori, kuma abin da manomanta suka fi saye bai wuce doki 50 ba. Mai ita ya gama tasa ya shiga ta maƙwabta a biya shi. Bangaladash kuwa, bayan da ta sassauta shigo da ƙananan injuna daga Sin a 1988, da ƴan injuna masu ƙafa biyu da ake bi a baya ta huɗe mafi yawan gonakinta.

Wannan mai ƙafa biyun shi ya kawo mu fadama. Ku shiga kwarin Ƙorama wajen Dungu ku ga yadda lambuna suke: fangali-fangali, ga rijiya, ga tiyo a miƙe, ga shingen ƙaya, ga rake a gefe, ga rogo da kabeji da tattasai. Ruwa yana kusa da sama. Tarakta mai nauyin tan 2 da rabi in ta shiga nan, ko ta nutse ko ta daddanne ƙasa ta farfasa tiyo, in ma ta samu ƙofar shiga. Ɗan inji mai doki 12 zuwa 15, faɗinsa bai fi mita guda ba, yana iya gama kusan hekta a yini, ya shiga inda mutum ke shiga. A kwance garmarsa a ɗaura famfo ya ja ruwa, a ɗaura ƴar amalanke ya kai kaya kasuwa. Yana da nasa aibin. Yana jijjiga mai tuƙa shi har kafaɗa ta sage, bel ɗinsa na tsinkewa, busasshiyar ƙasa mai tauri ta fi ƙarfinsa. Kamfanin Hello Tractor da aka kafa a Najeriya a 2014 da irinsa ya fara, daga baya ya koma haɗa manoma da masu tarakta ta waya. Amma mai lambu da ke da rabin hekta a fadama, in inji zai saya, nasa ke nan.

Kada kuma wani ya ji kunyar shanunsa. Tun zamanin shirin 3M a shekarun 1970 garmar shanu ta zauna a wannan yanki, masana'antar UCOMA a Damagaram ta ƙera garma da amalanke, maƙeranmu suka koya suna yi a gida. Bijimai biyu suna tada kunyar kusan rabin hekta a yini a jigawa, suna kewaye ɗan gawo don mai riƙe da garma yana ganinsa a gaban ƙafarsa, suna ba da taki, suna jan amalanke. Bayan shekara uku ko huɗu ka turke su ka sayar fiye da yadda ka saya. Ba taraktar da ke yin haka. Magidancin da gonakinsa duka ba su kai hekta 5 ba, ba shi da dalilin cin bashi don inji.

Ma'ana, duk mai sayen tarakta a gundumar nan, ko ya sani ko bai sani ba, sana'ar haya ya shiga. Gonarsa kaɗai ba za ta ciyar da ita ba. Don haka gonakin da zai auna na mutane ne, waɗanda za su biya shi. In su ne ƴan rabin hekta da hekta guda na Kance da Kurni, ga gawo ga lungu, shawarata ita ce doki 45 zuwa 55, mai jan ƙafa huɗu in hali ya yi, da tirela, da garmar kunya, da haro mara nauyi, da injin sussuka. Mai doki 75 sai wanda ya shirya bin ruwa, ya fara daga kudu inda damina ke riga sauka ya ƙarasa a Damargu, ko wanda ke da kwangilar jan kaya tabbatacciya. Ƙungiyar da kuɗinta ya kai na babba guda, ta zauna ta duba ko matsakaiciya guda da ƙananan masu ƙafa biyu guda biyu ba za su fi mata ba. Ranar da ruwa ya sauka, inji uku a gona uku ya fi inji ɗaya da mutum 40 ke jira, kuma in ɗaya ya lalace aiki bai tsaya ba. Ko ta hannun hukumar CAIMA aka samo taraktar, ko da bashin bankin BAGRI, ranar biya ba ta tambayar ko an yi ruwa.

A layin jiran nan, mun san wa ake bari a baya. Gamanar mata ƙarama ce, direba ba ya son shiga don juyi ya fi aikin yawa, sai ya ce "Inna, a bari sai na dawo," kuma ba zai dawo ba sai laima ta tafi. Gwargwadon girman injin, gwargwadon ƙyashinsa ga ƙaramar gona. Ƙungiyar da mata suka zuba kuɗi a cikinta ta tuna da wannan ranar zaɓen inji.

Kafin ka biya, je wurin makanike tukuna. Tambaye shi wace iri yake iya kwancewa ya mayar, kuma a ina ake samun kayanta. Mafi yawan kayan gyaranmu daga Kano suke zuwa, kasuwar Ƙofar Ruwa da makamantanta, ta Daura da Kwangwalam su shigo Ɗan Barto bakin iyaka. Mun ga yadda aka rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta a 2023 har cikin 2024. Taraktar da ta tsaya a watan Yuni don wani ɗan ƙarfe da sai an aiko daga ƙasar waje, shekararta ta tafi. Tsohuwar ƙira wadda kowane gareji ya san cikinta ta fi sabuwa mai kwamfuta da ba wanda zai taɓa. Ƙurarmu kuma ba ta wasa da inji: matatar iska a duba ta kullum da safe, lagireto a busa masa ƙaiƙayi, juyen baƙin mai a bi awannin da littafi ya faɗa, kusan kowace awa 250. Gazuwal ɗin kwalba na bakin hanya, in da ruwa ko datti a ciki, famfon mai yake kashewa, kuma gyaran famfon babban inji ya fi na ƙarami ciwo a aljihu, haka tayarsa, haka batirinsa.

In ta hannu ce za ka saya, kada sabon fenti ya ruɗe ka, kada kuma ka yarda da agogon awa, ana juya shi. Ka zo da sassafe ka sa a tada ta a gabanka tana sanyi, ka ga ko za ta tashi bugu ɗaya, ka dubi kalar hayaƙin: shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai ne. A ɗaura garma a ɗaga sama a kashe inji, ka tsaya ka gani ko za ta riƙa saukowa da kanta. Sannan a kai ta gonarka, ba filin dillali ba, ta yi awa guda tana aiki ka taɓa ka ji zafinta.

Direba kuma, yadda ka biya shi haka zai yi maka aiki. In a kan kowace hekta yake samun nasa, gudu zai yi, ya ɗaga garma sama-sama, ya bi ta kan duk abin da ya tare shi. A auna gona da igiya ko da waya kafin a fara, don rigimar "wannan ai ta fi hekta" ta mutu tun da wuri. A ajiye littafi a rubuta awa da litar kowace rana. Mai gona kuma ya riga tarakta zuwa, ya kafa sanda ya ɗaura tsumma a jikin kowane ɗan gawo da yake so ya rayu, ya nuna wa direba kafin a sauke garma.

Mu kwana nan, jama'a. Allah ya ba mu damina mai albarka.